Kwamfuta A Ofisoshinmu: Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

Da wuya shekara ta wuce ba a yi bikin ƙaddamar da sabuwar manhaja a wata ma'aikata ko wani kamfani a ƙasar nan ba. Za a yanke ƙyalle, a yi jawabai, a sha alwashin cewa daga yau an yi bankwana da fayil mai ƙura da dogon layi. Bayan shekara biyu sai ka tarar akawu yana cike takarda da hannu kamar yadda ya gada, in ya gama ya juya ya sake shigar da abin da ya rubuta cikin kwamfuta, aiki ɗaya ya koma biyu. Idan aka tambayi dalili, amsar ba ta wuce babu wuta, ko sabis ya ɗauke, ko ɗan kwangila ya tafi da lambar sirri. Duk waɗannan suna faruwa, amma akwai wani fannin ilimi a jami'o'in duniya da ya shafe sama da shekara 70 yana bin diddigin yadda tsarin sarrafa bayanai ke shiga kamfanoni da ma'aikatu, kuma abin da ya gano ya fi batun wuta da sabis zurfi. Taƙaitaccen sakamakonsa shi ne, na'ura tana ƙarfafa irin tsarin da ta tarar ne, mai kyau ko maras kyau, kuma ribarta tana fitowa ne idan an sake fasalin aiki da iko da ladan ma'aikata tare da ita. Ra'ayina shi ne asarar da muke tafkawa a wannan fage ta samo asali daga abu biyu: masu sayen manhaja ba su duba abin da bincike ya riga ya tabbatar, masu bincikenmu kuma ba su shiga ofis da kasuwa su gano abin da ya keɓanta da mu.

Tarihin fannin kansa darasi ne. Kwamfutar farko da ta yi aikin ofis a duniya ta fito ne daga kamfanin J. Lyons na Ingila, mai shagunan shayi da gidajen burodi, wanda a 1951 ya fara amfani da na'urar da ya kira LEO wajen lissafin kuɗin kayan da gidajen burodinsa ke fitarwa. Abin da ya sa ta yi musu amfani shi ne tun kafin zuwanta kamfanin ya daɗe yana nazarin yadda takarda ke yawo tsakanin ofisoshinsa, ya san tambayar da yake son na'ura ta amsa masa. A wannan shekarar dai, Eric Trist da Ken Bamforth na Cibiyar Tavistock da ke Landan suka wallafa bincikensu kan ma'adanan kwal, inda aka kawo sababbin injinan haƙa amma amfanin da aka sa rai bai samu ba, ƙin zuwa aiki kuma ya ƙaru. Da suka duba sai suka ga sabon tsarin ya wargaza ƙananan ƙungiyoyin leburori da suka saba aiki tare, suka san juna, suke rufa wa juna baya a cikin rami. Daga nan aka samu ƙa'idar da har yau ake koyarwa, cewa kowane wurin aiki yana tafiya ne da ƙafa biyu, ta injina da ta mutane, kuma wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya ya sayi ɗingishi da kuɗinsa.

Masana tattalin arziki sun iso wannan matsaya ta wata hanyar. A 1987 Robert Solow, wanda ya karɓi kyautar Nobel a shekarar, ya yi tsokacin da ya shahara cewa kwamfuta ta cika ko'ina amma ba a ganin sawunta a alƙaluman bunƙasar aiki na Amurka. Paul David na Jami'ar Stanford ya kawo bayani a 1990 ta hanyar komawa tarihin lantarki. An fara samar da wutar tun shekarun 1880, amma sai wajen shekarun 1920 masana'antu suka ga ribarta sosai, domin da farko masu masana'anta sun cire injin tururi ne kawai suka dasa babban injin lantarki a gurbinsa, suka bar komai yadda yake. Riba ta zo ne lokacin da aka sake zanen masana'antar baki ɗaya, kowace na'ura da ƙaramin injinta, aka jera su bisa yadda aiki ke gudana. Daga baya Erik Brynjolfsson da Lorin Hitt suka bi bayanan ɗaruruwan manyan kamfanonin Amurka, suka ga haka abin yake da kwamfuta: kamfanonin da suka haɗa sayen na'ura da horar da ma'aikata da sauko da ikon yanke shawara zuwa ƙasa su ne suka ci moriya, kuma kuɗin wannan sauyin ya fi kuɗin na'urar nesa ba kusa ba. Kasafin da ya tanadi kuɗin kwamfuta da manhaja kaɗai, ya bar horo da sake tsarin aiki ga sa'a, ya tanadi ƙaramin ɓangaren aikin ne.

Mai bincike Wanda Orlikowski ta jami'ar MIT ta nuna yadda abin ke faruwa a kan tebur. A 1992 ta wallafa nazarin wani babban kamfanin ba da shawara da ya sayi manhajar Lotus Notes domin ma'aikata su riƙa musayar ilimi da gogewa. Manhajar lafiyarta lau, amma ma'aikatan ba su zuba komai na kirki a ciki ba. Dalili kuwa, a kamfanin ana auna mutum ne da yawan sa'o'in da ya caji abokin ciniki, ƙarin girma kuma gasa ce da wanda bai haye ba zai kama gabansa. Wa zai miƙa wa abokin takararsa sirrin sana'arsa, a lokacin da ba za a biya shi ba? Duk wanda ya san ofisoshinmu zai gane wannan hoto. Inda riƙe fayil shi ne ƙarfin ma'aikaci, inda sanin wurin da takarda ta maƙale shi ne abin da ke sa a gaishe shi da safe, manhajar da za ta bayyana komai ga kowa barazana ce gare shi, kuma zai sami hanyar kashe ta cikin ladabi. Binciken Fred Davis na 1989, wanda dubban nazarce-nazarce suka ginu a kansa, ya ƙara da cewa mutum yana rungumar sabon tsari ne idan ya ga zai amfane shi a aikinsa na yau, sauƙin sarrafawa kuma yana biye. Amfanin da shugaba ke hangowa daga sama ba shi ne ke motsa yatsun mai shigar da bayanai ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi asarar kuɗi muni, wato ma'aikata ta yarda da na'ura fiye da mutanenta. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara amfani da manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya samar, a 1999. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassa, hukumar kuma ta ɗora laifin a kan masu kula da rassan. Tsakanin 1999 da 2015 an yanke wa mutum sama da 900 hukunci bisa zargin sata ko ha'incin lissafi. Wasu sun sha ɗauri, wasu sun tsiyace suna biyan kuɗin da ba su ci ba, wasu sun kashe kansu saboda baƙin ciki. Sai a 2019, bayan ƙarar da mutum 555 suka shigar ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar tana da kurakurai, kuma ma'aikatan kamfanin suna iya taɓa asusun reshe daga nesa. A 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman don wanke waɗanda aka zalunta. Kuskure a manhaja abu ne da aka saba gani. Abin da ya mayar da shi bala'i shi ne tsarin hukumar, wadda ita ce mai manhajar, ita ce mai bincike, ita ce mai gabatar da ƙara, kuma babu ƙofar da ƙaramin ma'aikaci zai bi ya ce lissafin nan ba daidai ba ne a saurare shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, musamman a ƙasar da albashi da fansho da haraji duk suke komawa hannun na'ura.

Richard Heeks na Jami'ar Manchester shi ne ya fi kowa fayyace yadda matsalar take a ƙasashe irin namu. A ƙiyasin da ya yi a 2003, kashi 35 cikin 100 na ayyukan mayar da gwamnati kan kwamfuta a ƙasashe masu tasowa sun rushe gaba ɗaya, kashi 50 sun yi rabi da rabi, kashi 15 kacal suka yi nasara. Bayaninsa shi ne akwai tazara tsakanin duniyar da mai zana manhaja ya raya a ransa da duniyar da manhajar za ta sauka, kuma gwargwadon faɗin tazarar gwargwadon yiwuwar faɗuwa. Rikicin IPPIS da jami'o'inmu misali ne da za a iya koyarwa a aji. An fara tsarin a 2007 don haɗe biyan albashin ma'aikatan tarayya wuri guda da toshe kafar ma'aikatan bogi, manufa ce da ba mai hankalin da zai ƙi ta. Amma an zana shi ne da siffar ma'aikacin gwamnati mai ofis ɗaya da mataki ɗaya, alhali malamin jami'a yana tafiya hutun bincike, yana koyarwa a wata jami'ar a matsayin baƙo, farfesa kuma sai ya kai shekara 70 yake ritaya. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ƙi, ta fito da nata tsarin mai suna UTAS, batun ya shiga cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, daga ƙarshe a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, tambayar da aka yi ta faɗa a kanta shekaru tambaya ce da nazarin 'yan watanni kafin a fara zai iya amsawa.

Kwatanta eNaira da na'urar POS ya ƙara fito da batun fili. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da eNaira, kuɗinsa na intanet, a Oktoban 2021, da dukan ƙarfin hukuma a bayanta, amma wani nazari na Asusun Lamuni na Duniya a 2023 ya nuna kashi 98.5 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a kowane mako. A daidai wannan lokaci, musamman da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mai shayi da mahauci da mai kayan miya suka rungumi POS da tura kuɗi ta waya ba tare da an kira su taron wayar da kai ba. Mutanen su ne dai, iliminsu bai ƙaru dare ɗaya ba. Abu ɗaya ya warware musu matsalar da ke gabansu a ranar, ɗayan kuma bai nuna musu abin da zai ba su wanda asusun bankinsu bai riga ya ba su ba. Wannan shi ne abin da Davis ya faɗa tun 1989, ya maimaita kansa a bakin kasuwa.

Mai ja zai ce yawancin binciken nan na Turai da Amurka ne, me ya haɗa kamfanin Landan da ɗan kasuwar Dawanau? Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ma hujjar yin namu. Sai dai inda aka gwada a ƙasashe masu kama da namu, sakamakon bai saɓa ba. Jenny Aker ta Jami'ar Tufts ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da wayar salula ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wayar ta yi tasiri ne saboda ta faɗa cikin wata buƙata da fatake suka daɗe da ita, ta sanin farashin wata kasuwa ba tare da sun kashe kwana da kuɗin mota ba, kuma ta bi hanyoyin amana da suka riga suka shimfiɗa. A Indiya kuma, Nicholas Bloom da abokan aikinsa sun yi gwaji a masaƙun da ke kusa da Mumbai, inda aka koya wa wasu masana'antu abubuwa masu sauƙi kamar rubuta lahanin da aka samu a kowane yadi, da ƙidayar zaren da ke sito, da duba alƙaluman kullum. Sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna aikin waɗannan masana'antu ya ƙaru da kashi 17 cikin 100 a shekarar farko. Ɗabi'ar rubutawa da dubawa ita ce ta fara zuwa, amfani da kwamfuta ya ƙaru a bayanta.

Hujjar mai ja ta biyu ta fi ƙarfi. Za a ce wannan magana ta sauraron ma'aikata mafaka ce ga ɓarayi, domin wanda ke cin albashin matattu ba zai taɓa cewa sabon tsari ya dace da shi ba, kuma ai asusun bai-ɗaya na TSA da lambar BVN da umarni aka kafa su, suka kuma zauna. Haka ne, a 2015 umarnin shugaban ƙasa ne ya tilasta wa ma'aikatu kwashe kuɗinsu daga bankunan kasuwanci, kuma a farkon 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire sunaye sama da 23,000 daga jerin masu albashi bayan tantancewa da BVN. Amma in aka duba da kyau, waɗannan nasarori suna goyon bayan binciken ne. Kowannensu yana da manufa guda ƙwaya ɗaya, da hukumar da ke da cikakken iko, da sakamako bayyananne ga wanda ya ƙi, wato an sauya doka da iko tare da na'ura. Sannan bincike bai ce a bi son ran kowa ba. Abin da ya ce shi ne a rarrabe tsakanin mai turjiya don an toshe masa kafar sata da mai turjiya don manhajar ba ta san aikinsa ba, kuma ba a iya rarrabewa daga ofishin Abuja sai an je an zauna an duba. Wanda ya yi wa duk mai ƙorafi kuɗin goro a matsayin ɓarawo yana bin sawun hukumar gidan wayar Birtaniya ne. Kada kuma a manta, idan mai ha'incin shi ne ke riƙe da mabuɗin rumbun bayanai, na'ura za ta biya ma'aikacin bogi kowane wata a kan kari, ba tare da ta ɗaga gira ba.

Hujja ta uku ita ce bincike yana tafiyar hawainiya, fasaha kuwa tana gudun barewa, kafin malami ya wallafa takardarsa an yi sabon yayi. Sunayen manhajoji suna canzawa, gaskiya ne, amma tambayoyin ba su tsufa: wa zai shigar da bayanin, me zai samu in ya shigar da gaskiya, wa zai rasa iko, wa zai gyara in ta lalace bayan ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa? Yau da ake ta rububin ƙirƙirarriyar basira, tambayoyin sun ƙara nauyi, tunda ita ba ta da abinci sai bayanan da aka tara, kuma ma'aikatar da rajistarta ke cike da ƙarya za ta samu ƙaryar ne cikin sauri da kyakkyawan lafazi. Gaggawa ma tana da farashinta. Shirin haɗa bayanan marasa lafiya na hukumar lafiyar Ingila, wanda aka fara a 2002 daga sama ba tare da jan likitoci a jiki ba, an wargaza shi a 2011, kuma kuɗin da aka ƙiyasta ya ci ya kusa fam biliyan 10. Ƙasar da ke da wannan kuɗin ta ji a jikinta, balle mu.

Sai dai jami'o'inmu ma suna da nasu kason na laifi. Aikin kammala karatu da aka fi sani a sassan kwamfuta shi ne ɗalibi ya ƙirƙiri manhajar asibiti ko ta makaranta da ba wanda zai taɓa amfani da ita, a sassan kasuwanci kuma a raba takardar tambayoyi a tattara amsoshin na yarda da ban yarda ba, a sake tabbatar da abin da aka tabbatar shekara 30 da suka wuce. Tsarin ƙarin girma da ke ƙirga yawan takardu ya sa zama na wata shida a cikin ma'aikata guda ya zama asara ga malami. Ga tambayoyi kuwa jibge a ƙofar gida. Ta yaya maigida a Kantin Kwari yake bin sawun kayan da ya ba yaransa da abokan cinikinsa bashi har zuwa Maraɗi da Agadas, kuma me ke faruwa da amana idan littafin bashi ya koma waya? Yaya dillalan Dawanau ke haɗa saƙon murya na WhatsApp da rasit da shaidar baki su kammala cinikin tirela guda? Me ya sa ma'aikaciyar ƙaramin asibiti take cike rajista iri-iri don masu ba da tallafi daban-daban, kuma wane ne cikin alƙaluman ake amfani da shi? Wace manhaja ce za ta yi wa ɗan kasuwar da ya fi sakewa da Hausa ko ajami aiki? Ba wani masani daga Boston da zai amsa waɗannan fiye da malamin Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko Abdou Moumouni ta Yamai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Duk kwangilar manhaja ta gwamnati da ta kai wani adadi, a ware ɗan kaso daga kuɗinta don nazari mai zaman kansa kafin a fara da kuma shekara guda bayan an ƙaddamar, a ba jami'a aikin, a kuma wallafa rahoton ko da bai yi wa kowa daɗi ba. A fara gwaji a ofis ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya kafin a baza ko'ina. A tanadi hanyar da ma'aikaci ko ɗan fansho zai ƙalubalanci abin da na'ura ta ce a kansa, mutum ya saurare shi cikin ƙayyadadden lokaci. Ma'aikatu da bankuna da manyan 'yan kasuwa su buɗe wa masu bincike ƙofa, tunda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shata iyakokin da za a bi a kiyaye sirrin mutane. Hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta fifita binciken da aka yi a cikin wurin aiki, majalisun jami'o'i su ba shi maki a ƙarin girma, masu binciken kuma su kawo sakamakonsu gidajen rediyo da tarukan ƙungiyoyin 'yan kasuwa cikin harshen da masu shago ke ji.

Kuɗin da ake zubawa a waɗannan tsare-tsare na jama'a ne, ko na ɗan kasuwar da ya tara da gumi, kuma kuskurensu yana sauka ne a kan malamin firamare da sunansa ya ɓace daga jerin albashi da tsohon da aka ce na'ura ba ta gane yatsansa ba. Saboda su ne ya kamata ranar da za a auna kowace manhaja ta zama shekara guda bayan bikin yanke ƙyalle, a je ofishin ba sanarwa, a duba ko akawun yana cike takarda da hannu har yanzu, in kuwa yana yi, a ja kujera a zauna kusa da shi a tambaye shi dalili.